Yaro Da Kofinsa



A gidan da na tashi, a zangon Kumasi, ban tuna ranar da aka ɗaga murya domin yaro ya yi ɓarin ruwa ba. A tsakar gida a ke zaunar da shi, a miƙa masa moɗa, ya sha rabi, ya yi wanka da rabi, kafin a sake masa riga rana ta riga ta shanye abin da ya zuba. Amma a nan Landan, a ɗakin haya mai kafet daga bango zuwa bango, al'amarin ya sha bamban. Madarar da ta zube ran Litinin, in ba a yi da gaske ba, sai a ji tsaminta ran Juma'a, ga kuma mai gidan haya yana jiran ranar tashi ya zabtare kuɗin ajiya.

'Yata tana da shekara ɗaya da rabi sa'ad da ta gano cewa kofi yana kifuwa. Takan kurɓa, ta cika kumatu, ta dube ni, sa'an nan ta furzar tana dariya. Wata rana mahaifiyarta ta ce mini, "Malam, ni dai zan mai da ita kan bulumboti, in huta." Ban ga laifinta ba, domin ba ni ne ke durƙuso da tsumma ba.

Sai dai hutun nan yana da tsada. Yaron da ke yini yana tsotson madara ko ruwan zaƙi, sukari ba ya barin haƙoransa na gaba, ƙwayoyin cuta na baki kuwa su mai da shi tsami mai cin haƙori. Abin ya fi muni da dare, lokacin da yawu ya ke raguwa. Kada a ce ai zai yi famfara, domin haƙoran nan 20 su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma ba su fara zubewa sai wajen shekara 6. A Ingila ruɓewar haƙori ita ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti. Saboda haka hukumar lafiya ta ƙasar ta ba da shawara a fara nuna wa jariri kofi tun yana wata 6, a raba shi da bulumboti in ya cika shekara. Ko kofin nan mai murfi da ba ya ɗiga ko an kifa shi, wanda iyaye ke so ƙwarai, tsotso ya ke koyarwa, ba kurɓa ba. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba wanda bai kai shekara ba ruwan 'ya'yan itace, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a rana.

Abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne. Muka sami ƙaramin kofi daidai hannunta, muna zuba ruwa kamar kaurin yatsa biyu, in ta shanye a ƙara. A zaune ta ke sha, an shimfiɗa leda a ƙarƙashinta, domin mai tatata da kofi a baki in ya faɗi yakan ji ciwo. Kuma muka koyi rarrabe ɓari iri biyu. Wanda hannu ya kuɓuce, ba a ce komai. Wanda aka yi da gangan, a karɓe kofin ba tsawa, a miƙa mata tsumma mu goge tare. Na lura tsawar ce ma ta ke nema. Da ta rasa ta, wasan ya rage daɗi. Sha'awar tuttular da ruwa kuwa, sai muka bar mata ita a wurin wanka.

Ku da ke Makka ko Khartum, inda zafi ba ya wasa, kada tsoron ɓari ya sa a rage wa yaro ruwa. In kuwa yana yawan ƙwarewa da tari duk sa'ad da ya sha, wannan ba rashin ji ba ne, a kai shi likita ya duba.

Kafin ta cika shekara biyu ta iya kofinta. Tabon da ke bakin ƙofa dai ya ƙi fita, kuma da muka tashi sai da aka cire mana kuɗinsa.