Rangwame Ba Ya Wanke Tallan Rufa-Rufa

Batunmu na yau shi ne tallan wasannin bidiyo da matasan unguwar Laranto ke cin karo da shi a wayoyinsu. Za a ce an zabtare rabin farashi, a yaba wasan da kalamai masu zaƙi. To, yaya ake buga shi? Sai da data? Akwai ƙarin biya a gaba? Shiru. Wannan shirun shi ne matsalar. Alal misali, a shekarar 2020, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallacen wasannin Homescapes da Gardenscapes, domin abin da aka nuna kaɗan ne ƙwarai a cikin ainihin wasannin.

Wani zai ce ai da rangwame ne, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma mai sayen gwanjo a kasuwar Katako yakan ɗaga riga ya duba ɗinkinta kafin ya biya, komai arharta. Mai sayen wasa kuwa yakan biya kafin ya taɓa, bisa bayanin kamfani. Saboda haka wajibi ne kamfani ya faɗi yadda wasan yake a fili, da rangwame ko babu.