Jirgin Balan-balan da Matsalar Dare



A tsayin kilomita 20 daga doron ƙasa akwai sararin da jiragen fasinja ba sa kaiwa, taurarin ɗan adam kuma sun wuce shi nesa ba kusa ba. Hadari da gajimare duk suna ƙarƙashinsa, iska kuma takan lafa a wurin. Can injiniyoyi ke son girke ƙaton jirgin balan-balan mai aiki da hasken rana, ya tsaya wuri guda kamar turken sadarwa, ya watsa sabis ga ƙauyukan da kamfanoni ba su ga ribar kafa musu turaku ba. Tauraron ɗan adam da ke tsaye a kilomita kusan 36,000 yana jinkirta saƙo. Wannan jirgin kuwa kusancinsa ya isa wayar hannu ta kama shi kai tsaye.

Sai dai ƙera shi jan aiki ne. Kaurin iskar wurin kusan kashi 7 cikin 100 ne na iskar da ake shaƙa a ƙasa, don haka dole jirgin ya yi girman gaske kafin ya ɗauki kaya kaɗan. Iskar hiliyom da ke cikinsa takan kumbura kusan ninki 14 yayin hawa. Fatarsa dole ta zama sakayau, amma ta jure sanyin da ya kai digiri 56 ƙasa da sifili da kuma ƙunar rana. Girman nan shi ke jawo wata fitinar: iska na tura shi, farfela na turjewa, kuma duk lokacin da gudun iska ya ninka biyu, wutar da ake bukata takan ninka takwas.

Da rana farantan sola na ɗauke wannan nauyi. Da dare fa? Sai batir, batir kuwa nauyi gare shi, nauyi na neman ƙarin girma, girma na neman ƙarin wuta. Nan gizo ke saƙar.

A Yulin 2011 kamfanin Lockheed Martin ya harba jirgin gwajinsa, HALE-D, daga Akron a Amurka. Da ƙyar ya wuce rabin tsayin da aka nufa, aka sauke shi a daji. Kamfanin Loon, ɗan gidan Google, ya bi wata dabara mai ban sha'awa: ya bar balan-balan ɗinsa suna bin iska, kwamfuta na ɗaga su ko sauke su don su shiga iskar da ta nufi inda ake so. A 2020 ya fara ba da intanet a Kenya tare da Telkom Kenya, amma a Janairun 2021 aka sanar da rufe shi, domin kuɗin tafiyarwa ya fi ƙarfin ciniki. Sai a 2024 jirgin kamfanin Sceye ya yini ya kwana a sama kan Sabuwar Meziko da wutar da ya tara da rana.

Abin da ya shafi Sahel a nan shi ne, kusa da tsakiyar duniya dare ba ya yin tsawon da yake yi a Turai lokacin hunturu. Jirgin da zai tsaya kan Agadas ko Maiduguri batirinsa zai fi na mai tsayawa kan Landan sauƙin nauyi.