Gyambon baki wajen yaran da aka yi wa dashen ɓargo



Dukanmu mun san wahalar ciwon emasi cikin gidajenmu. Yau ana warkar da waɗansu yara ta hanyar dashen ɓargo, a Faransa ko Indiya. A Najeriya ma an fara shi a birnin Benin cikin 2011.

Kafin dashe, ana ba yaro magani mai ƙarfi wanda ke kashe tsohon ɓargo. Bayan kamar sati guda, baki ya kan yi gyambo, har haɗiyar miyau ta gagara. Gyambon na warkewa cikin sati 2 ko 3, in sabon ɓargo ya kama.

Likitoci sun gwada gulutamin, zinki, bitamin E da zuma don rage wannan zafi, amma amfaninsu ga yara bai tabbata ba tukuna. Abin da ke taimako shi ne tsabtar baki, kurkurawa da ruwan gishiri, abinci mai laushi da maganin zafi.

Ga roƙonmu: a lokacin nan jikin yaro ba shi da kariya. Ɗanyen zuma ko garin magani daga gida na iya kai masa cuta. Kada a ba shi komi sai likita ya yarda.

Allah ya ba yaranmu lafiya.