JAWABI KAN ƘARFEN INDONISIYA DA ƘARAR DA TURAWA SUNKA KAI



Zancenmu na yau na wata ƙasa ce mai nisa, Indonisiya, ƙasar tsibirai, inda shugabannin Afirka da Asiya sunka taru a birnin Bandun a shekarar 1955. Allah ya ba ta wani ƙarfe da a ke ce ma nikel. Shi a ke gamawa da baƙin ƙarfe don kada ya yi tsatsa, shi kuma a ke sawa cikin batirin motoci masu tafiya da lantarki. Shekara da shekaru jiragen ruwa na kwasar shi ɗanye, yadda anka tono shi, a kai waje a narke. Mun san irin wannan ciniki. Haka gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa tafiya Faransa cikin buhu, manomi da wahala, wani da riba.

A 2009 sunka yi doka cewa a gyara ma'adini cikin gida. A 2014 anka hana fitar da ɗanyen nikel, a 2017 anka sassauta, ran 1 ga Janairu 2020, zamanin shugaba Joko Widodo, anka rufe ƙofa gaba ɗaya. Mai son nikel ya zo ya gina masana'anta.

To jama'a, ku ji abin da ya biyo baya. Tun ƙofa ba ta rufu ba, a watan Nuwamba 2019, Tarayyar Turai ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wai an tauye masu narka ƙarfenta. A 2022 alƙalai sunka ba Turawa gaskiya. Indonisiya ta ɗaukaka ƙara, sai ta iske kotun sama babu masu zama, don Amurka ta hana a naɗa sabbin alƙalai, kotun ta tsaya tun Disamba 2019. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya shi ma ya ba da shawara a janye hanin sannu sannu. Gwamnati ta ƙiya.

Muna tambaya: su wa ke wannan wa'azi? Cikin masu ƙara akwai Holan, wadda tun 1830 ta tilasta ma talakawan Jawa noman rake da kofi da baba don kasuwarta. Ingila kuwa, da ta so masaƙanta su yi ƙarfi, a 1660 ta hana fitar da ɗanyen gashin tumaki, hanin ya wuce shekara 150. Sa'an nan ba a ce laifi ne ba. Da talaka ya koyi karatun, sai ya zama laifi!

Abin ya yi aiki. A 2023 fiye da rabin nikel ɗin duniya daga Indonisiya ya fito. Kuɗinshi ya faɗi har kamfanin BHP ya dakatar da aikinshi na nikel a yammacin Ostareliya a 2024.

Amma 'yan uwa, kada mu yi guɗa tun amarya ba ta shiga ɗaki ba. Masana'antun na wa ne? Manyan na Morowali, a tsibirin Sulawesi, da jarin kamfanonin Sin anka gina su, Tsingshan na kan gaba. Ƙasa ta samu aiki da haraji, makulli na hannun baƙo. Da gawayin ƙasa a ke hura wutar, hayaƙi kan ƙauyuka, laka cikin ruwan masunta. A watan Disamba 2023 wata tukunyar narka ƙarfe ta fashe a Morowali, ma'aikata 21 sunka rasu, 'yan ƙasa da 'yan Sin. Waɗannan ba su cikin lissafin riba.

Duk da haka gwamnati ba ta ja da baya ba. A watan Yuni 2023 ta hana fitar da ɗanyen boksit, ƙasar da a ke yin sanholo da ita, wanda maƙeranmu ke zuba tukwane da shi.