Robar Da Ke Auna Wa Jiki Magani

 Yau hirarmu a kan roba ce. Ba ta bokiti ko leda ba, a'a, wata irin roba ce mai tsabta da masana ke haɗawa musamman don ta riƙe magani, ta riƙa sakin sa cikin jiki kaɗan-kaɗan, kamar yadda randa ke tsatsafo da ruwa.

Da yawanmu mun san ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa mace a damtse. To ai roba ce aka cusa wa magani. Ta farko, mai suna Norplant, a ƙasar Finland aka fara amincewa da ita a 1983, silli 6 ne. Yau akwai Jadelle mai silli 2, tana aiki shekara 5, da Implanon mai silli ɗaya, tsawonsa santimita 4, shekara 3. Ki lura 'yar uwa, wannan robar ba ta narkewa. Maganin ne ke ƙarewa, ita kuwa tana nan. Saboda haka ki adana katin asibitinki, in lokaci ya yi ki nemi izinin maigida ki je a cire miki.

Haka wasu ƙwayoyin da muke haɗiya suke. Akwai maganin hawan jini, nifedifin, da ake yi wa wani irinsa rigar roba don ƙwaya ɗaya ta wuni ta kwana tana aiki. Nan ne haɗarin yake. Sau da yawa idan tsohuwa ta kasa haɗiya, sai a daka mata a zuba a kunu, wai tausayi. Alhali an fasa ma'aunin ke nan, maganin awa 24 ya afka jiki lokaci guda, jini ya faɗi, jiri ya ɗebe ta, har ta kai ga suma.

Don haka ki duba kwalin. Idan kin ga SR, ko XL, ko CR, kada a daka, kada a tauna. Idan ba kya karatun boko, ɗanki ya duba miki, ko maigida ya tambayi likita. Wanda bai iya haɗiya, a sake masa wani. Kuma idan an ga ɓawon ƙwayar a bayan gida, kada hankali ya tashi, maganin ya riga ya shiga jiki.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.