ALLO KO KATI: INA ZA A FARA ZUBA KUƊI?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)





Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan yadda ake zaɓen allon kwamfuta da katin hoto, ga wanda yake son gyaran hotuna, kuma yake son shi ko ƙannensa su yi wasa a kan na'ura ɗaya. Maganar ba ta raha ba ce. Da yawa a cikinmu albashi ba ya kai su ƙarshen wata, sun kama ɗaukar hoton biki da suna a ranakun Asabar da Lahadi. Su kuwa waɗannan kaya da dala ake shigo da su, wanda ya saya ba daidai ba sai ya shekara bai farfaɗo ba. Shawarata guda ce: in kuɗi bai isa duka biyun ba, a fara da allo.

Dalili kuwa shi ne, katin hoto wani ɓangare ne a cikin kwamfuta wanda yake lissafin abin da za a nuna, allo kuma shi ke nunawa. Mai gyaran hoto da abin da ya gani yake yanke hukunci. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to amma in allo ya yi wa ido ƙarya fa? Alal misali, in allonka ya rinjaya wajen shuɗi, za ka yi ta ƙara rawaya, ranar da aka buga hoton sai farar shaddar ango ta fito kamar an jiƙa ta a ruwan kurkur. In kuma allon ya cika haske, za ka rage hasken hoton, fuskar amarya ta nutse cikin duhu a kan takarda. Kati komai tsadarsa ba ya maganin wannan.

To, me za a duba a jikin allo? Na farko, irin gilashinsa. Akwai TN, akwai VA, akwai IPS. TN ya fi araha, amma da ka karkata kanka launi ya sauya. VA baƙinsa ya fi zurfi. IPS shi ne mai riƙe launi ko ta gefe aka kalle shi, shi ya sa masu hoto suka fi son sa. Akwai kuma OLED mai kyau ƙwarai, sai dai yana da tsada, kuma abin da ya daɗe a tsaye a wuri ɗaya yana iya barin tabo a kansa.

Na biyu, yawan launin da yake iya nunawa. Ma'aunin da intanet da yawancin masu buga hoto ke bi shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996. A nemi allon da ya cika kashi 99 ko 100 nasa. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi wajen kore, amma sai mai aikin ɗab'i na musamman yake buƙatarsa. In takardar allon ta nuna Delta E ƙasa da 2, wato kuskuren launinsa da wuya ido ya kama shi.

Na uku, yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, mai 2560 sau 1440 yana da kusan miliyan 3.7, wanda ake kira 4K kuwa ya haura miliyan 8. A nan ne allo da kati suke ɗaure da juna, domin kowane ɗigo kati ne zai lissafa shi. Wanda ya sayi 4K don wasa ya ɗora wa katinsa kaya ninki 4 na mai 1080, dole ya nemi kati mai tsada. A ganina, allo mai inci 27 da 2560 sau 1440 shi ne tsaka-tsaki.

Na huɗu, saurin sabunta hoto, kuma wannan na 'yan wasa ne. Allon ofis sau 60 yake sabuntawa a daƙiƙa, na wasa sau 144 ko fiye. Gyaran hoto bai damu da wannan ba. A da sai mutum ya zaɓi ɗaya, launi ko sauri, yanzu kuwa ana samun IPS mai duka biyun. A duba kuma ko yana da G-Sync na Nvidia ko FreeSync na AMD, waɗanda suke daidaita tafiyar allo da ta kati don kada hoto ya riƙa yagewa.

Sai batun kati. Kamfanoni 3 ne suke riƙe da kasuwar: Nvidia da AMD, sai Intel da ta shigo da katinta Arc a 2022. Gyaran hoto na yau da kullum ba ya cin kati sosai, ya fi dogara ga ƙwaƙwalwar kwamfutar da yawan RAM. Amma sababbin dabaru, kamar goge dishi-dishin hoton dare da Lightroom ya kawo a 2023, a kan kati suke tafiya. Saboda haka a dubi ma'ajiyar katin: gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 12 ko 16 ya fi kwanciyar hankali ga mai wasa a kan 1440. Mai buga ƙwallon EA Sports FC, wadda muka sani da FIFA kafin 2023, matsakaicin kati ya ishe shi.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa, mu kuwa shi ya fi damun mu, wato wuta. RTX 5090 da ya fito a 2025 yana jan wat 575 shi kaɗai, RTX 5060 kuma 145. Mai dogara ga inbata ko ƙaramin janareta ya yi wannan lissafi kafin ya shiga kasuwa. Bugu da ƙari, a ware kuɗin UPS da akwatin wuta mai inganci, domin wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ba ta tambayar nawa ka sayi kati. Lokacin hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙurar fanka.

Game da na hannu, araha ba ta ado. Bayan Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin intanet a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada a biya sai an kunna wasa an bar shi ya yi zafi. Allo kuma a cika shi da fari, sa'an nan da baƙi, a nemi ɗigon da ya mutu. In an kai gida, wayar allo a jikin katin za a soka ta, ba a ramin uwar kwamfuta ba, kuma a rage haske, domin daga kamfani da ƙyalli suke zuwa.

Daga ƙarshe, kati yakan tsufa da wuri, domin kullum sababbin wasanni ƙara nauyi suke yi, allo mai kyau kuwa yana iya ganin bayan kati biyu. Mu da muke da hotunan makaranta a cikin akwati muna son a raya su, mun fi kowa sanin darajar fuska ta fito yadda take.