Kaset Ɗin Gida Da Na Gidan Talabijin: Jawabin Da Aka Yi Wa Hakimai Da Malamansu A Kankiya

 

Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne maganar kasakasan bidiyon nan da ke jibge cikin kabad a ofisoshin gunduma da gidajen sarauta na Kankiya da Kusada. A cikinsu akwai naɗin sarauta, da hawan salla, da rangadin Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008. Da yawa daga dattawan da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya, ba inda za a sake jin muryarsu sai nan.

Kwanan baya wani malamin hakimi ya kawo mini kaset ya ce ya mutu, gama ya sa shi cikin injin gida bai ga kome ba sai yayyafi. Har ya yi niyyar ba yara su yi wasa da zaren. Da na duba bayansa sai na ga an rubuta Betacam. Lafiyarsa lau, inji ne ba nasa ba.

Ga yadda abin ya ke. A 1971 kamfanin Sony na Japan ya fitar da U-matic, mai faɗin zare kashi uku cikin huɗu na inci, watau milimita 19. Wannan ya zama na gidajen talabijin da ma'aikatun watsa labaru. Sa'an nan aka yi na gida iri biyu, masu faɗin rabin inci: Betamax na Sony a 1975, da VHS na kamfanin JVC a 1976. VHS shi ya ci kasuwa, shi ne kuma wanda kowa ya sani a ƙasar nan tun lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990. Waɗannan uku ba wanda ke shiga bakin injin wani, saboda haka ba su cika ruɗa mutane ba.

Inda ruɗu ya ke shi ne Betacam, wanda Sony ya yi wa ma'aikata a 1982. Ƙaramin kaset ɗinsa girmansu ɗaya da Betamax, sai ka ce tagwaye, yana kuwa shiga injin gida sumul. Amma injin ma'aikata yana jan zare da sauri fiye da ninki biyar. Zaren da zai yi sa'a uku a gida, wajen rabin sa'a kaɗai ya ke yi a can. Bugu da ƙari yana rubuta haske daban, launi daban, a kan layi biyu, alhali na gida haɗa su ya ke yi. Kamar takardar ajami ce a hannun wanda boko kaɗai ya sani; takardar ba ta da laifi. A 1986 aka ƙaro Betacam SP mai zaren garin ƙarfe. Injin SP yana karanta tsohon Betacam, amma kada ko kusa a sa kaset ɗin SP cikin injin gida, gama yana cin kan injin.

Ko cikin dangin VHS akwai wannan. An yi S-VHS a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, masu ɗaukar biki da yawa sun yi aiki da shi. Injinsa yana karanta VHS, amma yawancin injunan VHS ba su iya nuna nasa da kyau. Ƙaramin nan VHS-C ana sa shi cikin wani gida mai girman VHS ya yi aiki. Video8 kuwa ba shi da irin wannan gida, kada wani ɗan kasuwa ya ce zai sayar muku.

Saura maganar ƙasa. Nijeriya ta bi tsarin launi da a ke kira PAL, Nijar ta bi SECAM irin na Faransa, Amurka kuwa NTSC. Don haka kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Maraɗi ya kan fito fari da baƙi a injinmu, na Amurka kuwa hoton ya yi ta birkicewa. Wannan ma ba mutuwa ba ce.

To, me ya sa na matsa a yi wannan aiki bana? Domin an daina ƙera injunan. Sony ya bar yin injin Betamax a 2002, kamfanin Funai kuwa, wanda shi ne na ƙarshe mai yin na VHS, ya tsaya a 2016. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, masu gyaransu ma suna ƙarewa. A ganina injin zai riga zaren mutuwa.

Abin da na ke roƙon ko wane malami shi ne ya buɗe littafi, ya ba ko wane kaset lamba, ya kwafe sunan irinsa daidai yadda ya ke a jiki, da abin da aka ɗauka, da shekara in an sani. A karya ɗan harshen da ke gefen VHS, a cire jan maɓallin da ke ƙarƙashin U-matic, don kada wani ya ɗauki wasan Indiya a kan naɗin kakansa. A jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rufin kwano, da danshin damina, da lasifikar rediyo, gama akwai maganaɗisu cikinta. Wanda aka ga farin fumfuna a zarensa a ware shi, kada a kunna, don zai shafa wa inji, inji kuma ya shafa wa saura.

In an tashi juyewa zuwa kwamfuta, a fara da U-matic, gama su ne mafi tsufa, zarensu ya kan yi danƙo. A yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a wani gida dabam, kada kuma a yar da na asali. Wanda zai juye ya sa hannu a littafin kafin ya fita da kaset, ya sake sa hannu ran da ya komo da shi.

Malaman Kusada, na ji an ce littafinku ya riga ya yi nisa. Sai ku kawo shi gaba mu duba tare.